Ajiyar da Ke Bayan Injin

Bayan na bar yawon ƙasashe na dawo Malanbil, na kama wani ɗan shago a kan hanyar da ke zuwa gadar iyakar Nijar, ina aikin da na saba, wato cika wa masu kamyo, manyan motocin kaya, takardun duwan, kwastan ke nan. Na yi wannan aiki a bakin teku a Abijan, na yi shi a Lome, na taɓa shi a Legas, har Jidda na zauna ina yi wa wani attajiri tafinta. A duk wuraren nan biro da hatimi ne kayan aikina. Sai da gemuna ya yi fari sannan ɗiyata, wadda ke aiki a Kwatano, ta zo hutu da ordinatar a bayan mota. 'Yan kasuwar Kabi da ke shigowa shagon kwamfuta suke ce masa. Ni inji nake ce masa, kuma har yau ban sake ba.

Ɗiyata ta san ubanta. Ba ta tsaya koya mini abubuwa da yawa ba. Ta jona injin da layin tarhon shagon, ta shirya shi yadda in na danna maɓalli da safe, na je na ɗora ruwan shayi na dawo, zan tarar akwatin saƙonnin imel ya buɗe da kansa, yana jirana. In karanta, in ba da amsa, in kashe. Ana haka sai ɗaukewar wuta ta lalata abin da ke cikin injin, saƙonnina duka suka tafi. Da ta sake zuwa sai ta kawo wani ɗan abu da bai kai yatsa tsawo ba, wanda ake ce wa kile. Ta zuba manhajar saƙonnin a cikinsa tare da kalmar sirri, ta soka shi a ɗaya daga cikin ramukan da ke bayan injin.

Ta ce, "Baba, ko injin ya mutu, saƙonninka suna cikin wannan. Kada ka cire shi."

Ban taɓa cire shi ba. Ban ma cika leƙa bayan injin ba, don yana jingine da bango, ƙarƙashin tebur.

Ina da wani aboki Bafillace, makiyayi, daga wata ruga a wajen Tumbutu, Tumbutunmu ta nan kusa, ba ta Mali ba. Tun muna yara muka san juna, lokacin da uwarsa ke kawo wa uwata nono. Ni Ba'are ne, saboda haka tsakanina da shi babu gaisuwar da ba ta da tsokana a ciki. Shi bawansa yake kirana, ni kuma ina ce masa mutumin daji. A shekarun da salula ta fara shiga ruga, duk ranar kasuwa sai ya zo da jaka cike da salulolin mutanensu, a jona su a caji a shagona kafin la'asar.

Idanunsa suka fara yana. Da farko yana ɓoyewa, har ranar da ya miƙa wa buhun albasa hannu yana sallama. Daga baya ya faɗa mini cewa shanunsa ma da kuka da wari yake gane su. Na kai shi Kandi. Likitan ya ce aiki za a yi, kuma akwai wasu likitocin ido da ke zuwa daga waje sau ɗaya a shekara, a wani asibiti can kudu da Paraku. Ya ce idon hagu ya riga ya nuna, in aka bar shi wata shekara ba lalle a iya ceto shi ba. Muka je asibitin, wata sakatariya ta rubuta shi. Ta ce ita ba ta kiran tarho, don lambobin mutanen daji ba sa shiga, sai dai mu ba ta adireshin imel. Na ba ta nawa. Ta ce in likitocin sun tsayar da rana za ta aiko, mu ba da amsa, mu zo. Wanda bai zo ba, sai baɗi.

An gama girbi a lokacin. 'Ya'yansa suka kora garke suka yi kudu neman ciyawa, shi kuma ya tsaya da 'yan shanun tatsa da matarsa, yana jiran saƙo.

Wata ranar kasuwa na tafi ofishin duwan da takardun wani direba, na bar shi a shagon. Da na dawo ya riga ya kwashe salulolin mutanensa, yana ɗaura jaka.

Ya ce, "Bawana, na bar maka tawa ajiya. Wuraren cajin sun cika, na jona ta a bayan wannan akwatin naka. Ka bar ta nan, kada ta mutu. Matar can ta asibiti ta karɓi lambar, ko da ta ce ba ta kira. In ta sake shawara, kai ka amsa, tunda kai ka iya harshen nasara."

Na ce, "Kai da ba ka ganin buhu, ya aka yi ka ga rami?"

Ya ce, "Da hannu. Ni da nake tatsa da asuba, rami zai gagare ni?"

Ban ga wani abu a ciki ba. Na sha ganin ma'aikata a Kwatano suna cajin salula a jikin inji. Kuma a wurinmu ajiya ajiya ce. In mutum ya ajiye maka abu, inda ya sa shi nan yake zama har ya dawo, ko buta ce.

Washegari na danna maɓalli, na je na ɗora shayi, na dawo. Gilashin injin ya haska kamar kullum, amma babu akwatin saƙonni. Sai wani ɗan rubutu da Faransanci a tsakiya, yana cewa abin da ake nema an sake masa wuri ko babu shi. Na karanta shi sarai, kowace kalma na san ta, amma ban san wane abu ake nufi ba. Na kashe, na sake kunnawa. Haka dai. Na bar shi ya huce har azahar, na sake. Haka dai.

Abin da na fara zargi wuta ce, don ita ta taɓa cutar da ni. Na ari wata na'urar daidaita wuta a wurin mai kantin magani, ba ta sake komai ba. Na ɗaga kan tarho na ji layin yana da rai. Na goge injin, na girgiza wayar ɓeran da ake nuni da shi. Wani ɗan kasuwa daga Kamba, mai sayen wake, ya leƙo ya ce ai ciwo ne ya shiga, a wurinsu in haka ta faru wanke injin ake yi gaba ɗaya, a zuba sabon abu. Na tambaye shi ko saƙonnin za su tsira. Ya ce wannan kuma sai Allah. Na gode masa. Na lura a duk inda na zauna, kowace ƙasa da irin gyaranta. Makanikin Legas in mota ta ƙi tashi sai ya sauke injin ƙasa. Na Abijan sai ya ce a aiko da sabon ƙarfe daga Faransa. Na Jidda kuwa sai ya ce ka sayi wata. Ni ba ko ɗaya da zan iya, don abin da nake jira yana cikin wannan injin.

Na kira ɗiyata. Tana wurin aiki, ina jin hayaniyar mutane a bayanta.

Ta ce, "Baba, duba baya. Kile ɗin yana nan?"

Na durƙusa da tocila. Yana nan, ɗan haskensa yana ƙyaftawa. Na ce yana nan.

"Ba wanda ya taɓa shi?"

"Wa zai taɓa shi?"

"Ba ka sa wani sabon abu a cikin injin ba?"

Na ce ban sa komai ba, kuma gaskiya na faɗa, a yadda na fahimci tambayar. Ta sa ni danna nan, danna can, tana kiran sunayen abubuwa da Faransancin da ba a yi shi a zamaninmu ba. Inda ta ce zan ga manhajar, na danna, sai wannan rubutun ya sake fitowa. Na ce to ta ba ni kalmar sirrin, in je gidan intanet da ke kusa da tasha in duba a can. 

Ta ce, "Baba, na sa ta a ciki don kada ka wahala da ita. Ni ma ban riƙe ta ba."

Ba ta iya zuwa, ana cikin aikin zaɓe kuma an hana su hutu. Ta ce in kai shi Kandi, akwai mai gyara a kusa da babbar hanya.

A tunanina abin da ya fi sauƙi shi ne in kira asibitin. Na kira, sau da yawa. Wani lokaci ba a ɗauka, wani lokaci mai gadi ne, ya ce sakatariyar likitocin ido ba ta zama a nan sai sun kusa zuwa. Ya ce in jira saƙo kamar kowa.

Kafin in ɗauki injin sai na yi abin da aikin taranzit, wato fiton kaya, ya koya mini. Kaya in za ka sauke su, ka san yadda za ka mayar da su. Na samo zare kala-kala a wurin tela, na ɗaura wa kowace waya nata, na ɗiga alama a bakin ramin da ta fito. Wayar salular abokina ta sami jan zare. Na jona salular a bango don kada ta mutu, na bar kile ɗin a inda yake, na naɗe injin da bargo, na shiga motar Kandi da shi a cinya kamar mai kai yaro asibiti.

Mai gyaran mutumin kudu ne, mai ƙiba, yana cin gyaɗa yana aiki. Ya jona injin da nasa gilashin da nasa layin, ya danna maɓalli. Kafin ya gama ɓare gyaɗar da ke hannunsa akwatin saƙonni ya buɗe.

Ya dube ni ya ce, "Alaji, injinka lafiya lau."

Na ce ya kashe ya sake. Ya sake, ya buɗe. Ya sake na uku, ya buɗe. Na ga a fuskarsa ya riga ya yanke cewa tsohon bai iya kunnawa ba. Ban yi masa musu ba, na ce ya bar ni in karanta. Akwai saƙonnin masu kaya daga Lome, babu na asibiti. Hankalina ya ɗan kwanta. Don kada tafiyar ta zama banza na ce ya nuna mini inda saƙonnin suke zaune. Ya buɗe wani wuri inda ake ganin rumbunan injin, kowanne da harafinsa. Ya ce wannan na cikin injin ne, wannan na faifai ne, wannan kuma mai harafin E shi ne kile ɗinka. In an kunna, injin yana zuwa E ya ɗauko manhajar. Na sa ya maimaita hanyar har na riƙe ta.

Na dawo gida da la'asar, na mayar da kowace waya raminta bisa ga zarenta. Jan zare ma na mayar da shi inda mai shi ya sa shi. Na danna maɓalli. Rubutun nan ya fito.

Ranar kasuwa abokina ya zo, wani ɗan kabu-kabu ya sauke shi a ƙofar shago. Ya shigo yana laluben bango da sanda.

Ya ce, "Ina bawan gidan nan? An aiko?"

Na ce ranar da na je Kandi ba a aiko ba, tun daga nan kuma ban sani ba, injin ya ƙi buɗewa.

"A Kandi ya buɗe?"

"Ya buɗe."

"A nan ya ƙi?"

"Ya ƙi."

Ya ce, "To ai kai ne ba ya so. Ni ma ina da saniyar da ba ta ba Ba'are nono."

Na ce, "Saniyar da ba ka ganinta? Wataƙila jaki kake tatsa tun bara."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya zauna ya sha shayi. Bai sake tambaya ba. Bafillace ba ya nuna abin da ke cin ransa, amma na ga yadda yake rufe idon dama da tafi, yana juya fuskarsa wajen ƙofa, yana gwada ko na hagun yana ganin haske. Da zai tafi ya ce ciyawar wajensu ta ƙare, zai matsa da 'yan shanunsa wajen fadama, bakin kogi. Na ce ya tafi da salularsa. Ya ce a can ba ta kama komai sai layin Nijar, in bar ta inda take.

Kwanakin da suka biyo baya na yi ta auna bambancin Kandi da Malanbil. Wutarsu da tamu ɗaya ce. Na ce ko zafi ne, na sa wa injin fanka. Na ce ko layin tarhona ne, na cire shi na kunna, rubutun bai sake ba. Na ari gilashin wani maƙwabci mai buga takardu, ko nawa ne ke da laifi. Ba shi ba ne. Na fara shirin sake komawa Kandi, in riƙa zuwa can ina karanta saƙo duk bayan 'yan kwanaki, in haka ne kawai mafita.

Wata safiya, kafin masu kamyo su fara zuwa, na ce bari in bi hanyar nan da mai gyara ya nuna mini, in ga ko rumbun E yana nan. Yana nan. Na buɗe shi. Abin da ya fito hoton saniya ne, ja, mai dogayen ƙaho, an ɗauke ta a karkace. Na danna na gaba, wata saniyar ce. Na gaba, ɗan maraƙi da ƙafar mutum. Sai waƙoƙin sarewa da karatun wani malami da Fulatanci. Na koma baya na duba da kyau, sai na ga akwai wani harafi a ƙasa, F, wanda ban gani ba a Kandi. Na buɗe shi, ga manhajar saƙonnina a zaune.

Wannan abu na san shi tun kafin a ƙirƙiro inji. A filin da kamyo ke jiran duwan, kowace mota da layinta a takarda. In wani direba ya zo ya shiga layinka, kai ka matsa na gaba, ma'aikacin duwan zai zo inda takarda ta ce, ya ga ba motar ba ce, ya rubuta babu, ya wuce. Ba zai leƙa layin gaba ba ko da kana ɗaga masa hannu. Salular abokina tana da ɗan katin ajiya a ciki, injin ya ɗauke ta a matsayin rumbu, ya ba ta harafin kile ɗina. A Kandi babu ita, shi ya sa komai ya tafi daidai. Ni kuma da zarena na dawo na mayar da ita wurinta.

Na durƙusa na cire jan zare, na jona salular a bango. Na kashe injin, na kunna. Ban je ɗora shayi ba, na tsaya a kansa. Akwatin ya buɗe, saƙonni suka fara shigowa, na masu kaya da na ɗiyata, sannan na asibiti. Ya kwana biyu da zuwa. Likitocin sun riga sun iso, sun fara aiki, kuma a ƙarshen makon nan za su tashi. Ranar da aka ba abokina ta wuce. Na rubuta amsa cewa muna tafe, na rufe shagon, na ba maƙwabcina takardun direbobi biyu da ke jira.

Sai da na fito na tuna ba ni da hanyar kiransa, tunda salularsa tana shagona. Na tare kabu-kabu. A Kwatano zemijan suke ce musu, kuma can ba mai yarda ya bar kwalta. Namu na nan ko gona ka ce su shiga, za su shiga. Muka je tsohuwar rugar, babu kowa sai turaku da busasshen kashin shanu. A hanyar Tumbutu muka haɗu da mata masu tallar nono. Na yi musu Fulatancina na kasuwa, suka yi dariya, suka amsa mini da Dandanci, suka nuna mana wajen gonakin shinkafa. Daga inda babur ya kasa na ƙarasa da ƙafa.

Na same shi zaune a kan tabarma ƙarƙashin wata bishiya, matarsa tana gyaran ƙwarya. A ruga ba a faɗin abin da ya kawo ka a tsaye. Na zauna, muka gaisa, ya gida, ya shanu, ya gajiya, ya waɗanda suka yi kudu. Aka kawo nono na sha. Shi ma ya san ba yawo ya kawo ni fadama ba, amma bai tambaya ba, ya bari na ajiye ƙwaryar.

Na ce, "An aiko. Ranarka ta wuce, amma likitocin suna nan har ƙarshen mako. Tashi mu tafi."

Ya ce, "Yanzu?"

"Yanzu."

"Akwatin ya yarda da kai ke nan."

Na ce, "Salularka ce ta hana shi. Ranar da ka jona ta, mi ka taɓa a bayan injin?"

Ya ce, "Ban taɓa komai ba. Na tarar da wani ɗan abu ya toshe ramin, na zare shi na sa tawa. Da na lalubo wani ramin a gefe na mayar da shi. Ai ban jefar ba."

Matarsa ta ajiye ƙwaryar ta faɗa masa wata magana da Fulatanci da sauri, wadda ban kama duka ba, amma na ji kalmar hannu a ciki. Ya ce da ita ai laifin bawa ne da bai tsare ƙofar ubangidansa ba. Sannan ya tashi, ya bi shanun ɗaya bayan ɗaya yana shafa bayansu, yana gaya wa matarsa wadda za a tatsa da wadda za a bari. Ban hanzarta shi ba. Ya aika a kira wani ɗan'uwansa daga rugar gaba ya kula da su. Mu uku muka hau babur ɗin, har da ɗan kabu-kabun, shi a tsakiya.

Washegari da sassafe muka shiga motar Paraku, daga can muka sake wata. Mun isa asibitin ana gobe likitocin za su rufe aiki. Tsakar gidan cike da tsofaffi, wasu da auduga a ido, wasu suna jira, ana Barganci da Dandanci da Yarbanci da Fulatanci. Sakatariyar ta ce ta ga amsata, amma da ba mu zo a ranarmu ba ta ba wani gurbin. Ban kawo mata labarin inji ba, don na san ma'aikatan ofis a ko'ina, dogon bayani ba ya ƙara musu tausayi. Na ce mata kawai likitan Kandi ya ce idon hagu ba zai kai baɗi ba, ta sa a duba shi, in ƙarya ne mu koma. Ta dube shi yana tsaye da sandarsa yana fuskantar bango. Ta shiga ciki, ta daɗe, ta fito.

Ta ce ido ɗaya za a yi, a ƙarshen layi, in lokaci ya rage. Na dama sai wata shekara.

Lokaci ya rage. Shi ne na kusa da ƙarshe. Muka kwana a rumfar 'yan jinya, da safe wata ma'aikaciya ta zo ta cire masa audugar. Ya daɗe yana ƙyafta ido, hawaye na zuba. Ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi. Ya dubi sandarsa. Sannan ya ɗago ya dube ni tun daga hula har takalmi.

Ya ce, "Wannan rigar ka sa ka zo da ni cikin mutane?"

Na ce ita ce a jikina ranar da na rufe shago.

Da muka dawo Malanbil na kira ɗiyata na gaya mata. Ta yi ta salati, ta ce ai ta tambaye ni ko na sa wani sabon abu. Na ce ta tambaye ni abin da na sa a ciki, ba abin da aka rataya a baya ba. Da ta zo hutu ta ɗaure wa kile ɗin harafinsa yadda ba mai ƙwace shi, ta sake kalmar sirri, ta sa na haddace ta kamar karatun allo. Ni kuma na sa mai gyaran wuta ya ƙara wuraren caji a bangon da ke kusa da ƙofa, nesa da tebur.

Abokina ya zo karɓar salularsa ranar kasuwar da ta biyo, da baƙin tabarau da aka ba shi a asibiti. Ba ya laluben bango. Kafin in miƙa masa ita ya ce in jona ta a injin, yana son ganin abin da na ce na gani. Na jira akwatin saƙonni ya gama buɗewa, sannan na jona ta a ramin gaba. Jar saniyar ta cika gilashin. Ya cire tabarau, ya rufe idon dama da tafi, ya matso da kujera.

Ya ce, "Wannan tana kudu tare da yara. Ƙaramin ɗana ya ɗauke ta hoto." Ya kai yatsa kan gilashin. "Ashe ƙahonta na hagu ya karye. Ba wanda ya faɗa mini."

Ya ce in wuce ta gaba.